Gurasa Mai Tsami

A garin Indabo na ƙasar Wudil an yi wata mata wadda ba mai kiran sunanta na yanka. Yaro da babba Mai Gurasa suke ce mata. 'Yar birni ce, aure ya kawo ta. A Jakara aka haife ta, unguwar da kowane Bakano ya san nan ne gidan gurasa, kuma tun kanta bai kai bakin tanderu ba take miƙa wa uwarta kara. Ranar da aka kawo ta gidan Malam, cikin kayan ɗakinta har da tanderu biyu. Matan gari suka yi ta dariya, sai da suka ɗanɗana abin da ke fitowa daga ciki sannan dariyar ta tsaya. Kullum kafin assalatu ta hura wuta, kafin hantsi yara sun fita talla. Ran Juma'a kuwa, ranar kasuwar Wudil, ninka kwaɓi take yi, don fatake da dillalan shanu na kara ba su san ƙin gurasa ba, balle an barbaɗe ta da ƙuli da yaji an yi bandashe.

Bayan an aurar da manyan 'ya'ya, mutum huɗu suka rage a gidan: ita, da Malam mai noma da damina da karantar da yara a zaure, da Iya mahaifiyar Malam, sai Auta da ke karatun kimiyya a jami'ar Wudil.

Shekarar 2022 ta zo wa gidan da nauyi biyu. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu, nisansa bai hana shi taɓa tanderun Indabo ba, domin mafi yawan alkamar da kamfanoni ke niƙa fulawa da ita a Najeriya jirgin ruwa ne ke kawo ta, ƙasashen nan biyu kuwa suna cikin manyan masu sayar wa duniya alkama. Buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabi, yis ya bi bayansa. Ana cikin haka, bayan girbin gero, Malam ya fara ramewa. Ya shanye ruwa kwano guda ƙishirwa ba ta tafi ba, dare kuma ba ya samun barci don yawan fita fitsari. Aka ce shawara ce, aka ce sammu ne, aka jiƙa saiwoyi. Da abin ya ƙi, Auta ta matsa aka je babban asibitin Wudil. Aka ɗebi jininsa da safe kafin ya karya, aka sake ɗiba wata rana. Likita ya ce idan awon safe ya kai 126 har sau biyu, to ciwon suga ne, na Malam kuwa ya wuce nan nesa. Ya rubuta ƙwayoyi ya ce a sha kullum ba fashi, a bar suga a shayi, a bar lemon kwalba, a rage tuwo da shinkafa da burodi. Gurasa ma bai ƙyale ta ba.

Malam bai ce uffan ba sai da suka shiga mota. Ya ce, "Shekara talatin ƙamshin gurasa ke tashina daga barci. Yanzu a ce a gidana ake gasa ta, ni kuma sai ido?"

Maganar nan ita ta hana Auta sukuni. Ta yi ta tono a wayarta, da aka yi hutu ta dawo da labari.

"Umma, ashe akwai burodin da ba a sa masa yis. Lokacin kullen korona a 2020, da yis ya yanke a kantunan Turai da Amurka, hanyar kakanninsu suka koma. Gari da ruwa kawai ake haɗawa, a riƙa ƙara masa gari kullum har ya yi tsami ya fara kumbura da kansa, sai a dinga ɗiba ana tayar da kwaɓi. An ce irinsa ba ya ɗaga sugan jini da sauri kamar farin burodi. Kin ga Baba ya samu, ke kuma kin huta da sayen yis."

Mai Gurasa ta ce, "To, ga gari ga ruwa, ga ki."

Auta ta dama fulawa a roba, ta rufe, ta ajiye a tsakar gida. Sanyin Disamba ne, hazo ya rufe gari. A kwana na biyu abin ya yi kumfa ya taso, ta yi ta murna har da ɗaukar hoto. A kwana na huɗu ya kwanta lakwas, ga wani wari mara daɗi. Ta ce ya mutu, ta juye wa kaji. Ta sake damawa, aka sake yin haka. Duk abin nan Iya tana bakin ƙofarta tana shan hantsi tana ɓarar gyaɗa, ba ta tanka ba, sai da ta ga an sake ɗauko robar za a nufi akurki.

"Kishiya, me kajin gidan nan suka yi miki kike ta yi musu walima?"

"Ke dai tsohuwa, harkar boko ce, ba za ki gane ba."

"Kawo in shinshina bokon." Ta shinshina, ta yi dariya har da tari. "Au, tsohon kullu ne kike ta wahala a kansa? Da me kike zaton muke tayar da waina da funkaso kafin a kawo muku yis a leda? Ba a wanke tukunyar kullu tas. Ludayi guda ake ragewa a gindi, gobe shi zai tayar da sabo. Mahaifina da ya je Makka a ƙasa ya yi shekaru a Sudan, ya ce can ma haka suke yi wa kisirarsu ta dawa. Naki bai mutu ba. Shi sanyi yake ji, ke kuma gaggawa ke damunki."

Daga ranar Iya ta karɓi ragamar. Ta ce a bar farar fulawa, a auno alkamar gida a kai inji a niƙa ta da dusarta. Wannan alkama ta san ta tun 1987, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ta waje, burodi ya yi wuya, manoman Kadawa da Kura suka duƙufa nomanta da ruwan madatsar Tiga. Ta sa aka dama garin da ruwa mai ɗumi a 'yar tukunyar ƙasa, aka tarfa masa ruwan tsamin gasara daga gidan mai koko, aka naɗe tukunyar da tsohon zane aka ajiye gefen murhu. Kowace safiya a kwashe rabi, a mayar da sabon gari da ruwa.

Abin da Iya ta sani da hanci, Auta ta same shi a littafi daga baya. A jikin ƙwayar hatsi, musamman dusarta, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma iri biyu ne ke wannan aiki. Ɗaya yis ne na daji, shi ke cin zaƙin garin ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Ɗayan dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo ne, su ke kawo tsami. Kumfar kwana biyun farko ba tasu ba ce, ta wasu ce da ke riga su tashi. Idan tsami ya fara ƙarfi sai waɗancan su mutu, tukunya ta yi shiru kwana biyu ko uku kafin masu aikin su yi yawa, kuma a cikin wannan shirun ne mai gaggawa ke zubarwa. Da zafin bazara kwana biyar kan isa, da hunturu yakan haura mako. Alamar ya nuna ita ce ya ninka kansa 'yan sa'o'i bayan an ba shi gari, yana ƙamshin nono. In kuwa aka ga funfuna mai launi a kansa, wannan kam na juji ne.

Da tukunya ta nuna, Mai Gurasa ta yi kwaɓi bayan lisha: kashi ɗaya na tsohon kullu, kashi biyar na gari, da gishiri da ruwa. Aikin da yis ke gamawa cikin sa'a ɗaya ko biyu, shi sai da ya kwana yana yi. Da asuba ta manna a tanderu. Gurasar ta fito ja, ta fi ta kullum nauyi a hannu, da ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe, kuma takan kwana biyu ba ta yi funfuna ba.

Auta dai ba ta gamsu ba, kuma tana da hujja. Tsami yana rage saurin da sitaci ke narkewa ya koma suga a jini, amma ba ya kawar da shi, garin alkama kuwa kusan kashi 70 cikin 100 sitaci ne. Turawa masu gudun sitaci da garin almon suke yin nasu, abin da ko a birni sai manyan kantuna. Ta ce a gwada da abin da ke kasuwar Wudil: waken suya, da riɗi, da garin ƙuli. Aka jiƙa wake aka surfe ɓawon, aka shanya, aka ɗan soya shi don ƙarnin ya fita, aka niƙa. Auta ta kafe sai an yi da wake zalla, ba alkama ko kaɗan. Uwar ta ƙyale ta. Ana mannawa a bangon tanderu ya sulale ya faɗa cikin garwashi, na biyu ya bi shi, gida ya turnuƙe da ƙauri.

"Yanzu kin yarda?" in ji Mai Gurasa. "Danƙo ne babu. Cikin hatsin da muke da shi, alkama ce kaɗai ke da danƙon da zai riƙe iska ya kama bango. Kin taɓa ganin gurasar gero?"

A ƙarshe suka tsaya kan alkama kashi biyu, wake da riɗi kashi ɗaya, a yi su ƙanana. Malam yana cin guda ɗaya da safe da kwaɗon zogale ko miyar ganye, yana shan ƙwayoyinsa, ya bar suga, yana takawa gona da ƙafa maimakon hawa babur. Kafin wata biyu kumatunsa sun ciko, barci ya dawo.

Wata rana a ƙofar masallaci aka yaba masa da yadda ya murmure. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tun da na fara cin gurasar nan mai tsami nake jin daɗin jikina." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ambaci ƙwayoyi da tafiyar ƙasa ba, don ba wanda ya tambaye shi. Magana zarar bunu ce. Kafin ta kai Darki da Utai ta zama wai a Indabo akwai gidan da ake gasa gurasa mai maganin suga.

Wanda ya fara ganin kuɗi a cikin maganar shi ne ƙanin Malam, wanda yara ke kira Baffa, dillalin awaki a kasuwar Wudil. Lokacin kuwa farkon 2023 ne, canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓuya, mai kuɗi a banki ma yana kwana da yunwa, ciniki ya tsaya wa kowa. Baffa ya shigo da sallama ya tsuguna kusa da tanderu.

"Matar yaya, kina zaune kan arziki kina ta kukan tsadar fulawa. Ki ba ni ta mai tsamin nan in tafi da ita kasuwa. Kuɗin guda uku za a saye guda."

"Saboda me?"

"Saboda magani ce mana."

"Ni dai gurasa nake gasawa. Ban ce wa kowa magani ba ce."

"Wa ya ce ki ce? Ke ki gasa, ni in sayar. Bakinki alaikum."

Ta ba shi. Juma'ar farko kafin a sauko daga masallaci ya sayar ya karkaɗe kwando. Ta biyu ya dawo da saƙon mutane daga ƙauyuka, wasu har sun biya kafin a gasa. Tsohon kullu kuwa ba ya jin kiran kasuwa, lokacinsa yake bi. Baffa ya kawo shawara: a zuba yis a farar fulawa, a tarfa ruwan tsamiya don tsami, a barbaɗa dusa don launi, wa zai gane? Nan Mai Gurasa ta miƙe tsaye ta ce ita 'yar Jakara ce, uwarta ba ta yi algus ba, ita ma ba za ta fara da furfura ba. Ta ƙara tukwane, ta rage barci, ta yi ta gasa ta gaskiya.

Nan ta tsaya, nan kuma ta yi zaton ta fita. Hannunta bai yi algus ba, bakinta bai yi ƙarya ba. Kuɗin ƙaryar ne dai take ƙirgawa duk Juma'a da yamma. Da Auta ta zo ta ji abin da ake faɗa a kasuwa, ta ce, "Umma, wannan fa ba daidai ba ne, abinci ne mai dama-dama, ba ya warkar da kowa." Uwar ta ce, "Da kuɗin nan aka biya miki na makaranta." Auta ta yi shiru. Iya ma sau ɗaya ta yi magana, ta dubi kuɗin ta ce sun yi wa gurasa yawa. Mai Gurasa ta ce, "Albarka ce, Iya." Tsohuwa ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris. Abin da ba wanda ya lura da shi a gidan shi ne, maganar da Malam ya saki a ƙofar masallaci ta zaga ta dawo kunnensa da sabuwar riga. Duk inda ya zauna sai a ce ga wanda gurasa ta warkar. Abin da mutum ya ji daga baki goma, ko shi ya fara faɗarsa, yakan gaskata. Ƙwayoyi sun ƙare, kuɗi sun yi wuya, ga magani ana gasawa a tsakar gidansa kyauta. Bai sayo wasu ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Da buɗa-baki ya ci uku ya kora da kunu mai suga, da sahur ya ƙara biyu. Ƙishirwa ta dawo, ya ce zafin bazara ne. A tsakiyar azumi ya yanke jiki ya faɗi a zaure gaban almajiransa.

Cikin dare aka kai shi Wudil. Aka ɗaura masa ruwa, aka yi masa allurar insulin. Da likita ya tambayi yaushe rabonsa da magani, Malam ya sunkuyar da kai, sai a lokacin matarsa ta ji.

A gadon da ke kusa da nasu akwai wani dattijo da aka naɗe wa ƙafa, matarsa na zaune a tabarma tana yi masa fifita. Jinya takan haɗa zumunci, kafin gari ya waye matan biyu sun fara hira. Matar ta ce daga wani ƙauye suke wajen Lajawa. Maigidanta ya shekara biyar yana shan maganin suga lafiya lau. Sai aka zo musu da labarin wata gurasa ta Indabo.

"Duk Juma'a sai an sayo masa. Tsada gare ta, har akuyata na sayar. Ya ce tunda ga magani mai daɗin ci, me zai yi da ƙwaya? Ƙaya ce fa ta soke shi a gona, ciwon ya ƙi warkewa. Jiya suka cire masa yatsa. Ku daga ina kuke, baiwar Allah?"

Mai Gurasa ta daɗe ba ta amsa ba. Tana iya cewa daga Utai, ba wanda zai ƙaryata ta.

"Daga Indabo muke. Ni ce nake gasa ta. Ba magani ba ce, ga mijina nan kwance."

Matar ta ajiye mafici ta dube ta sama da ƙasa. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da kin aiko da wannan magana tun watan jiya, da akuyata tana nan, da yatsansa ma." Ta juya mata baya.

Da Mai Gurasa ta dawo gida ɗaukar kaya, ta durƙusa a ƙofar Iya ta kwashe labari ta gaya mata, tana kuka.

"Wallahi Iya, kun sani, ban taɓa buɗe baki na ce magani ba ce."

"Na sani," in ji Iya. "Kin kuma taɓa buɗe baki kin ce ba magani ba ce? Shi wancan da ke kwance shi ya fara, ƙaninsa ya ɗauka, ke kika riƙe musu jaka. Ni ma da na gani na faɗa sau ɗaya na koma kan gyaɗata, ba zan wanke kaina ba. Tashi ki share hawaye, kuka ba ya mayar da yatsa."

Aka sallami Malam ana saura kwana kaɗan salla. Ranar da ya fara iya fita jam'i, ya roƙi liman ya ba shi dama bayan an idar, ya miƙe da sanda ya yi wa mutane bayani da bakinsa: cewa ƙwayoyin asibiti da rage ci da tafiyar ƙasa su suka tashe shi da farko, cewa da ya bar su ya kusa barin duniya, cewa gurasar gidansa abinci ce, mai suga yana iya cin ƙarama guda ɗaya, in ya ci uku kuwa ta yi masa abin da tuwo zai yi masa. Ya ce duk wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba. Mai Gurasa ta kwance ƙullin kuɗin Juma'o'in nan ta ba Auta, aka sayi akuya aka kai ƙauyen wajen Lajawa. Matar ta karɓi akuyar, amma ba ta aiko da godiya ba, ba kuma wanda ya ga laifinta.

Baffa ya zo yana huci, ya ce an zubar musu da abinci ana zaune ƙalau. Ta ce masa in yana so ya ci gaba da ɗauka, kuɗin gurasa zai sayar, kuma sunanta gurasa mai tsami, ba ƙari. Ya ce wannan ba ciniki ba ne, ya koma kan awakinsa.

Ciniki ya faɗi warwas. Cikin masu layi a da, kaɗan suka rage: masu son ɗanɗanon, da wasu masu suga da suka fahimci iyakarta, da matafiya da suka gane ba ta saurin lalacewa. Tukwanen da aka ƙara suka koma na ajiyar daddawa, aka bar guda ɗaya gefen murhu, Iya ce ke ba ta gari da safe. Kuɗin makarantar Auta na zangon da ya biyo baya sai da aka sayar da buhun gyaɗa biyu aka cika. Malam yana zuwa awo Wudil duk wata, ƙwayoyinsa kuma a hannun matarsa suke, ita ke miƙa masa tana tsaye har ya haɗiye.

Har yanzu akan sami baƙo ya yi sallama a ƙofar gidan, ya ce an kwatanta masa inda ake sayar da gurasar maganin suga. Mai Gurasa takan aiko yaro ya ce masa babu irinta a nan, in ta ci yake so akwai, in kuwa magani yake nema, ya hau mota ya tafi asibitin Wudil.